Da Hannuna Na Rubuta Gonarmu da Sunan Wani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam mai kula da wannan shafi, barka da aiki, ya iyali, ya haƙuri da jama'a? Allah ya saka da alheri. Ku ma masu karatu ina gaishe ku, amma ina roƙonku tun daga farko kada ku yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe. Na san halinku sarai. Duk mako ina karanta shafin nan, ina ganin yadda kuke yi wa mutum caa kamar ku ba ku taɓa saɓa wa Allah ba. Wanda ya san zagi kawai ya iya, ya ninke jaridar ya je ya ji da gabansa. Ni shawara na zo nema, zagi kuwa wanda nake yi wa kaina ya fi naku zafi. A ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Wudil, a wani ofishi da ke hulɗa da manoma, ba zan faɗi wanne ba. Asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Darki. Mu biyu ne muka rayu a wurin Innarmu, ni da yayana, Yaya Sabo, shi yana awon hatsi a kasuwa, ni kuma aka sa ni a boko. Mahaifinmu yana da wata gona a bayan gari, babba mai baƙar ƙasa, duk cikin gonakinsa babu kamarta. Tun ina ƙarami ya ba maƙwabcinmu Baba Sale aronta, saboda shi baƙo ne a garin, ba shi da ƙasa, ga iyali. Ba a rubuta komai ba, wa yake rubutu a lokacin? Abin da ake yi a wajenmu shi ne, wanda aka ba aron gona, in an yi girbi zai ɗauko dami ɗaya na gero ya kawo ƙofar gidan mai gonar da rana tsaka, kowa yana gani. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Shaida ce. Yana gaya wa gari ne cewa gonar nan da kuke gani ina nomawa ba tawa ba ce. Fiye da shekara ashirin Baba Sale bai taɓa fashin kawo damin nan ba, shi da kansa yake ɗaukowa a ka, ko da 'ya'yansa suka girma bai yarda ya aiko su ba.

Sai sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula. Waɗanda suka gani sun san yadda aka yi, duk ɗan siyasar da ya hau mumbari bakinsa taki, taki, taki, kamar shi zai riƙa haƙo shi a bayan gidansu. Da aka rantsar da su kuwa sai ga tallafin ya zo, za a ba manomi takin zamani a rabin kuɗi, amma sai mai kati. Wani gwani a can sama, wanda na rantse bai taɓa riƙe fartanya ba, shi ya tsara fom ɗin, ya sa layi guda ɗaya tal: sunan mai gona. Babu layin mai aro, babu layin wanda yake noma ta. Kuma mutum ɗaya kati ɗaya, ko gona goma gare shi. Mahaifinmu ya riga ya samu nasa a kan gonakin da yake nomawa, ke nan wannan babbar gonar ko ƙwaya ba za ta samu ba. Ni aka tura yankinmu in yi rajista. A lokacin matata tana da tsohon ciki, ragon suna nake tunani dare da rana, ga abokan aikina ina ganin abin da suke yi, wani har sunan matattu yake cikawa, ya sayi sabon babur yana wuce ni a ƙafa yana min hon. To ni ɗin waliyyi ne? Ba ina wanke kaina ba ne, ina gaya muku yadda zuciyata ta riƙa raya min ne.

Na sami Baba Sale a gonar yana sassabe. Muka gaisa, ya tambayi matata da jiki, sannan na ce, "Baba, kana son taki bana a rabin kuɗi?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, wa zai ƙi? Amma ai an ce sai mai gona."

Na ce, "Biron a hannuna yake. Zan rubuta ka mai gona, buhu huɗu za a ba ka, biyu naka biyu nawa."

Ya dogara da gatarinsa ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malam ya sani?" Mahaifinmu yake nufi.

Na ce, "Haba Baba, takardar gwamnati ce fa, bana a yi ta, baɗi a kunna wuta da ita. Ba sai mun ɗaga wa tsoho hankali ba."

Haka na zauna a gindin wata bishiyar marke na cike fom ɗin da manyan baƙaƙe don kada a gane rubutuna. Sunan mai gona, Sale. Iyakar gabas, iyakar yamma, duk na zana, don wa ya fi ni sanin iyakar gonar ubana? Sai an sami hatimin mai unguwa kati yake fita, shi kuwa mai unguwarmu tsoho ne, ajami ya iya, bai san boko ba. Na cusa fom ɗin cikin tarin sauran, yana bugawa yana sa min albarka, wai ɗan gari ya kawo wa gari alheri. Taki ya zo, na karɓi buhu biyuna, ranar Juma'a na sayar a kasuwar Wudil. Da kuɗin na sayi ragon sunan ɗana na fari, mahaifina ne ma ya yi masa huɗuba.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma kun san siyasar ƙauye, gari ya rabu biyu, waɗanda ɗan takararsu ya faɗi sun baza kunne suna neman inda aka yi cuwa-cuwa a rabon taki su kai ƙara. Da kaka ta yi sai na hango matsala. Kati ya ce Sale mai gona ne, ga shi kuma zai ɗauko dami a ka ya ratsa gari ya ajiye a ƙofar gidanmu. Ɗan tsegumi ɗaya ya haɗa biyun nan, aikina ya tafi. Na hau motar haya na je na sami Baba Sale, wallahi har ya ɗaure damin ya jingine a jikin rumbu.

Na ce, "Baba, bana kada ka kai. Malam ya ce in gaya maka ya yafe maka damin."

Ya ce, "Ya yafe? To bari in je in yi masa godiya."

Na ce, "Kada ka soma. Ka san halinsa, ba ya son a yi masa godiya a kan kyauta. Kuma Yaya Sabo bai sani ba, in ya ji zai tayar da rigima. Ka bar maganar a cikinka."

Tsohon nan har ƙwalla ya yi, yana ta sa wa mahaifina albarka. Ni kuma na juya na shiga gida, na tarar da mahaifina a zaure, na durƙusa na gaishe shi kamar mutumin kirki.

Kaka ta wuce, dami bai zo ba. Ina zaune Inna ta ce, "Malam, bana fa Sale shiru." Mahaifina ya ce, "Ba a tambayar dami, kawo shi ake yi. Wataƙila shekarar ce ta yi masa nauyi." Shekara ta zagayo, aka sabunta kati, na sake karɓar buhu biyu, dami bai zo ba. Ta uku ma haka. Yaya Sabo ya so ya je ya yi magana, mahaifinmu ya hana shi, ya ce shi ba zai zubar da girmansa a kan dami ɗaya ba, in Sale ya manta alheri Allah bai manta ba. Kuna jin abin da na haɗa? Tsofaffi biyu, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, wannan yana ganin an yi masa kyauta an ce ya yi shiru, wancan yana ganin an raina shi yana haɗiyewa. Mahaifina ya daina zama hira a ƙofar gidan Baba Sale, shi kuma ya ɗauka ciwon ƙafa ne ya hana shi. Sau nawa na shirya zan faɗa? Sau nawa na zo bakin zaure na koma? Kullum sai in ce bari wannan kakar ta wuce. Mahaifina ya kwanta ciwo ya rasu da wannan ɓacin ran a zuciyarsa, ko wata biyar ba a yi ba Baba Sale ya bi shi. Mutum biyun da za su iya warware maganar nan da baki ɗaya duk suna ƙasa.

Da aka zo rabon gado, ni da Yaya Sabo muka yarda a bar wa Inna wannan gonar a matsayin tumuninta, ta samu abin da za ta ci ba sai ta jira hannun kowa ba. Ita ma abin da take so ke nan, ta ce da amarcinta a gonar nan ta fara kai wa Malam abinci. Muka tafi da dattawa biyu wurin babban ɗan Baba Sale, Haladu, don a gaya masa in ya cire amfanin bana ya saki gona. Ya saurare mu har muka gama, ko a jikinsa, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata leda, ya zaro katin ya ajiye a kan tabarma.

Ya ce, "Wace gonar? Ga takardar gwamnati da hatimin mai unguwa, ku karanta sunan mai gona. Malam ya bar wa Babanmu ita tun yana da rai. Ku tambayi duk garin nan, yaushe rabon da a ga dami a ƙofar gidanku?"

Dattawan suka dubi juna, don gaskiya ne, an daɗe ba a gani ba. Yaya Sabo ya miƙo min katin ya ce, "Kai ɗan boko, karanta min." Na karanta masa rubutun hannuna da bakina. Daga nan bai zame ko'ina ba sai ƙofar gidan mai unguwa, ya tara masa jama'a, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, wai an ba shi cin hanci ya sayar da gonar marayu. Tsohon yana rantsuwa yana kuka, ni ina tsaye a gefe ina cewa, "Yaya a yi haƙuri, a bi a hankali." Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Washegari Yaya Sabo ya kai ƙarar Haladu kotu.

Na bari sai ranar kasuwa na tare Haladu a Wudil, ya kawo awaki. Na ja shi gefe na ce, "Haladu ka ji tsoron Allah. Ka san gonar nan aro ce."

Ya yi wata dariya da har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe shi. Ya ce, "Yau kai ne kake tuna wa wani tsoron Allah? Wa yake ɗauko maka buhu biyunka a amalanke duk shekara ya kai maka bakin titi? Ba ni ba ne?"

Na ce, "To tunda ka sani, ka san katin ƙarya ne."

Ya ce, "Ni abin da na sani, Babana ya gaya min da bakinsa an aiko masa cewa Malam ya yafe dami. Wanda ya yafe dami me ya rage? A kan wannan ko yanzu aka ba ni Alƙur'ani zan dafa. In kana ganin ƙarya ce, ka tashi a gaban alƙali ka faɗi wanda ya kai saƙon."

Na ce, "Gonar tsohuwa ce fa, Haladu. A hannunta ka sha fura."

Ya ce, "Ni ma uwa gare ni, kuma a gonar nan aka haife mu muka girma. Kai ka sayar da ita a kan buhun taki, ni kuwa gumina ne a ciki. Matsa min, awakina za su ɓace."

Ku gaya min, akwai butulci da ya wuce wannan? Mutanen da suka zo garinmu da tabarma da tukunya, mahaifina ya ɗauki gonarsa mafi kyau ya ba su, suka ci suka yi aure suka gina ɗakuna a kanta. Ya san gaskiya, ya san ta sarai, amma ya yi mursisi saboda ya ga ya riƙe ni a wuya. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na tsani wanda ya tsara fom ɗin nan yana zaune a ofis mai sanyi bai san a ƙauye rabin masu noma aro suke yi ba. Na tsani 'yan siyasar da suka mai da taki abin sayen ƙuri'a har gari ya koma kowa yana leƙen kowa. Abokan aikina da suka yi wanda ya fi nawa muni sau goma suna nan suna yawo da tumbi, babu abin da ya same su, sai ni da na cika fom ɗaya tal a kan gonar gidanmu? Amma in na gama tsanar kowa na kwanta, sai in tuna babu wanda ya riƙe min hannu na rubuta, babu kuma wanda ya sa min ƙarya a baki na jingina wa mahaifina. In da katin ne kawai, da dami ya ci gaba da zuwa, ko yaro ya san gonar wa ce. Ni na kashe shaidar da bakina.

Yanzu ga inda ake. An zauna sau biyu. Shaidunmu sun ce sun san aro ce a da, amma da alƙali ya tambaye su ko sun san abin da ya gudana tsakanin mamatan biyu a shekarun ƙarshe, sai suka ce Allah ne masani. Alƙali ya ce saura abu ɗaya, a aiko ma'aikacin da ya yi rajistar yankin ya faɗi yadda aka yi katin nan ya fita. In katin sahihi ne, zai ba Haladu rantsuwa, in ya rantse magana ta ƙare. Takarda ta zo ofishinmu, ogana ya kira ni ya ce, "Kai ka yi wajen Darki a lokacin, ai ma garinku ne, ranar Talata sai ka je." Shi bai san gonar gidanmu ce ba, ban kuma gaya masa ba. Yaya Sabo kuwa da ya ji har sujada ya yi, yana ta gaya wa mutane Allah ya kawo ƙarshen mai unguwa, ƙaninsa ne zai tona asiri. Shi a tunaninsa bayan na gama rajista aka cusa fom ɗin.

In na ce katin sahihi ne, gonar Inna ta tafi har abada, kuma ni na miƙa ta sau biyu. In na faɗi gaskiya gona za ta dawo, wannan na tabbata, amma aikina ya tafi, wataƙila har a ɗaure ni, ga mata da yara uku. Wannan ma duk mai sauƙi ne. Da wane ido zan dubi mai unguwa? Yaya Sabo na san shi, ko gawata ba zai bi ba. Garin da ake nuna ni ana cewa ga ɗan Malam mai aikin gwamnati, nan za a riƙa nuna ni ana cewa ga wanda ya yi wa ubansa ƙarya har ya mutu da ita. Kada wani ya rubuto min wai in je in sasanta da Haladu a raba gonar, na gwada, ya ce ko taku ɗaya ba zai bayar ba. Kada kuma a ce in yi ciwon ƙarya ranar Talata, alƙali zai ɗaga ne kawai ya sake kirana.

Jiya na je gida bayan la'asar. Na tarar da Inna a kan abin salla, ta rame, ƙafarta ta kumbura saboda zaryar kotu. Ta sa aka kawo min ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Zo nan kusa." Na matsa. Ta dafa kaina kamar ina ɗan shekara biyar.

Ta ce, "Ni ba gonar ce ta fi ci min rai ba. Malam ya tafi yana ganin Sale ya ci amanarsa, yanzu kuma ana cewa shi ya bayar ya ɓoye min. Shekara arba'in bai taɓa ɓoye min ko ƙwayar gero ba. Akwai wanda ya shiga tsakani. Ban san shi ba, amma tun ranar da aka fito da katin nan babu sallar da na yi ban kai ƙararsa wurin Allah ba. Duk hannun da ya rubuta takardar nan, ban yafe ba duniya da lahira, Allah ya isa tsakanina da shi, kada Allah ya nuna masa daɗin 'ya'yansa. Ka ce amin."

Na sunkuyar da kai. Ta ɗago fuskata ta ce, "Ba ka ji ba ne? Ka ce amin."

Jama'a, na ce amin.

Yau Asabar, Talata nake gaban alƙali, kuma Inna ta ce ko da jan ciki sai ta je ta ji sunan mutumin da kunnenta. Wanda zai zage ni ya zaga, na ji, amma ya haɗa da amsa. Me zan yi?